Kwalaben Ishaya

Ku da kuke zuwa kuna cika mini benci wai in koya muku sana'ar da ake biyan mutum don ya kurɓi giya, bari in fara rage muku zumuɗi: ba a haɗiyewa. Tofarwa ake yi. Na ga fuskar wasunku ta canza, to wannan shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Mai ɗanɗanon ruwan inabi ba ya cin goro, ba ya shan taba, ba ya kusantar yaji ranar aiki, in kuma mura ta kama shi, ranar ba shi da sana'a. Maganar bakinsa ake zuwa nema, kuma sau da yawa mai neman ba ya son abin da zai ji.

Aikina na farko a Jos, a wani otal da yanzu ya zama kango, wankin kofi ne. Baba Gyang, tsohon da ke riƙe da ɗakin ajiyar inabi, ya miƙo mini kofunan nan masu doguwar ƙafa da farin ƙyalle, ya ce in wanke ba sabulu. In na gama sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana cusa hanci. In ya ji warin hannuna ko albasar kicin a guda, duka zan sake. Na daɗe ina wannan bautar kafin ya bar ni na taɓa mabuɗi. Ranar kasuwa kuma ya tasa ni gaba, ba don mu sayi komai ba. Mu tsaya gaban mai ɗinya, ya ce rufe ido, shaƙa. Mu wuce wurin majema, mu wuce mai kanumfari, mai busasshen zoɓo, mai dabino, har rumfar kafinta inda ake goge katako. Masu kaya suna yi mana kallon waɗanda suka zare, ni kuma kunya kamar in nutse. Shi ko a jikinsa. Ya ce abin da hancina bai taɓa sani ba, ba zan gane shi a cikin kofi ba.

Ranar da ya fara zuba mini, jan inabi ne na Sifaniya, irin wanda ake bari ya daɗe a cikin gangar katako kafin a ɗura shi a kwalba. Itacen gangar babu shi a ƙasarmu, ok ake ce masa, shi ke ba inabin ƙanshin hayaƙi da kanumfari da wani ɗan garɗi. Ya sa na karkata kofin a kan farin ƙyalle. Ja ne mai duhu, ba ka hango yatsanka ta bayansa. Na juya, na shaƙa, na ji nunanniyar ɗinya da sabuwar fata. Na kurɓa. Ya cika mini baki da nauyi, kamar ka bar ruwan randa ka koma kunun gyaɗa, sannan bauri ya kama mini dasashi irin na ɗanyen goro. Na yamutsa fuska na ce ya lalace. Baba Gyang ya make mini ƙeya da ƙyallen hannunsa.

"Sakarai," ya ce, "inabin nan yaro ne. Baurin nan da tsamin da ke ƙarƙashinsa, su ne ƙashin bayansa. Ka ba shi shekaru a wuri mai sanyi da duhu, baurin zai kwanta, ƙanshin ya buɗe. Wanda ba shi da su, yau kaɗai gare shi."

Daga bakinsa na ɗauki kalmomin da na yi aiki da su har na tsufa. Inabi ko yaro ne, ko ya kai, ko ya fara gangarawa. In har yana da sauran gaba, mu ce yana da rai. In zafi ko iska sun gama da shi, mu ce ya mutu. Haka kowa ke faɗa a ɗakin nan, ban taɓa jin nauyin maganar ba.

Wani kamfani mai haƙa hanyoyin ruwan noman rani ne ya kawo ni Haɗeja, in kula da teburin injiniyoyinsa. Katan na farko da aka sauke mini daga bayan mota da bazara, na taɓa kwalba na ji ta da ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi. A Jos sanyi kyauta ne, a nan sai ka gina shi da hannunka. Firji ba abin dogaro ba ne, wuta ta zo ta tafi, inabi kuwa ba abin da ya tsana kamar sanyi yau zafi gobe. Sai na haƙa rami a ɗakin baya, zurfin ƙirjina, domin in ka wuce haka a garin nan ruwa za ka tarar. Na yi masa murfin katako, na shimfiɗa yashin kogi. Malam Garba, wani mai kwalekwale daga wajen Auyo, shi ke kawo mini yashin. Ya san abin da nake binnewa, bai taɓa kiran sunansa ba. In ya zo sai ya ce, "Kayan naka suna lafiya?" In ce suna lafiya. A kwance ake ajiye kwalba don toshiyarta ta zauna a jiƙe, in ta bushe iska ta samu hanya. Nakan narka kakin zuma in tsoma bakin kowace kwalba saboda gara da laima, in yayyafa wa yashin ruwa, in rufe da buhu. Sauran kayan aikin ba su cika jaka ba: mabuɗi mai murɗawa, kofi, farin ƙyalle, kyandir na duba lakar da ke kwanciya a gindin kwalba, da tasar tofarwa.

Da kamfanin ya naɗe kayansa, doka kuma ta canza a kan giya, sai sana'ar ta shige cikin gida. Ban buɗe shago ba, ban sayar wa kowa ba. Ajiya nake yi da ɗanɗano. Fada, limamin cocinmu, ya kawo na coci, wani likita ɗan Kafanchan ya kawo nasa, ma'aikata 'yan'uwanmu Kirista su sayo a Kano ko Jos don bikin 'ya'yansu, su kawo in riƙe musu. Na sha takaici a hannun masu kaya. Wani ya jera kwalba mai tsada a tsaye a kan talabijin shekara da shekaru don baƙi su gani, sannan ya kira ni in yaba. Wata ta tuttula lemon kwalba a cikin inabin da ya daɗe yana jiran ranarsa, wai ya yi mata bauri. Na ce Madam, da zoɓo kika saya da kin huta. Ba ta ƙara gaishe ni a coci ba. Ban damu ba. Duk ranar da mai wannan aiki ya fara sassauta magana don a ji daɗi, gara ya koma sayar da ƙanƙara.

Akwai katan guda da ya zo mini a bayan keke, an ɗaure shi da roba. Mai shi Malam Yohanna ne, ɗan Pankshin, wanda ya koyar da lissafi a makarantun garin nan har ya yi ritaya. Ba mashayi ba ne, ko a biki da ƙyar yake kai kofi baki. Ɗansa namiji guda ne, Ishaya. Yaron ya gama karatu, ya yi yawon neman aiki har ya gaji, sai ya bi hanyar hamada da wasu abokai. Daga Maroko ya kira gida ya ce sun samu jirgin ruwa, in gari ya waye za su tsallaka Sifaniya, zai kira in ya sauka. Bai kira ba. Malam ya je Kano neman labari wurin waɗanda suka haɗa tafiyar, bai samo komai ba. A hanyar dawowa ya shiga wani kanti ya tambaya ko suna da wani abu na Sifaniya. Abin da suka nuna masa ke nan.

"Bitrus," ya ce mini, "ranar da yaron nan ya dawo nake so a sha wannan. Amma an ce mini wani yana lalacewa. Duba mini, zai iya jira?"

Na ce sai na buɗe guda. Ya ce buɗe.

Ya yi sa'a, mai kantin bai cuce shi ba. Irin wanda Baba Gyang ya fara ba ni ne, har ya ɗara shi. Toshiyar ta fito lafiya lau, launin duhu har gefen kofi, ɗinya da kanumfari da hayaƙin ganga duk suna tsaye, bauri kuwa sai da na ji harshena ya bushe. Bayan na tofar, ɗanɗanon ya ƙi barin bakina. Na ce, "Malam, yaro ne ƙaƙƙarfa. Yana da rai. In an bar shi a ramin nan zai fi shekara goma yana ƙara kyau."

Ya kama hannuna da hannu biyu. "Sake faɗa," ya ce.

Na sake faɗa. A lokacin na gane ba maganar inabi yake ji ba, ta ɗansa yake ji. Amma gaskiya na faɗa, ba ni da abin janyewa.

Daga nan abin ya zama al'ada. Kowace Kirsimeti, in an taso daga coci, in ɗauki kwalba guda da kayan aikina in tafi gidansa. Na gaya masa ba sai an riƙa buɗewa ba, asara ce, ya ce shi yana so ya ji. Ya zauna a gefen tebur da hularsa da kwat ɗinsa ta coci, ya zuba mini ido har in tofar, sannan ya yi tambayarsa guda: "Yana da rai?" In ce yana da rai. Ya ɗan kurɓa kaɗan, ya yamutsa fuska, ya yi dariya, sauran a kai wa maƙwabta. Matarsa, Maman Ishaya, ba ta taɓa zama da mu ba. A bakin ƙofar kicin take tsayawa, hannu a naɗe. Ita tuntuni take so Fada ya yi wa yaron addu'ar mamaci ta samu ta yi kukanta kamar kowace uwa, Malam ya ce ba za a yi a gidansa ba. Wata shekara ta tare ni a ƙofar gida.

"Bitrus, har yaushe za ku yi ta wannan abin?"

Na ce, "Mama, ni abin da bakina ya ji nake faɗa."

"Na sani," ta ce. "Shi ya sa yake yarda da kai."

Inabin kuwa bai ba ni kunya ba. Baurin ya yi ta kwanciya, gefen launin ya fara komawa jan bulo, ƙanshin ɗinya ya ja baya, na busasshen ganyen taba da na ƙasa bayan ruwan fari suka fito. Kirsimetin da ta gabaci mummunar shekara, na riƙe shi a baki na ji kamar kada in tofar. A duk aikina ban ɗanɗana abin da ya kai shi ba, kuma da sauransa.

Sai ambaliya. Ku kun ga ƙananan da aka yi bayanta, wannan dabam ce. Kogi ya cika tun ana cewa jinga za ta riƙe, da rana tsaka ta ɓalle ta bayan unguwarmu. Matata tana kwance da ciwon ƙafa, na samu mota da ƙyar na kai ta gidan wani abokina a Kafin Hausa, da niyyar in juyo. Kafin in juyo ruwa ya yanke hanya. Ban damu da ramin sosai ba. Na san zai cika, amma kowace kwalba bakinta a toshe yake da kaki, ƙarƙashin ruwa kuwa akwai sanyi da duhu, abin da inabi ke so ke nan. Takardun jikinsu ne kawai za su tafi. Tunanina yana kan shinkafar mutane da ta nutse da gidajen ƙasa da ke zubewa.

Malam Garba ne ya ba ni labarin abin da ya faru da ba na nan. Yana kwashe mutane a kwalekwalensa, Malam Yohanna ya tare shi ya ce a kai shi gidana. Malam Garba ya ce masa, "Malam, mutane ake ceto yau." Malam Yohanna ya ce shi ma abin da zai je yi ke nan. Suka ɓalle ƙofar ɗakin baya, ruwa har ƙugu. Tsohon nan ya tuɓe rigarsa, ya janye murfin, ya riƙa nutsewa cikin ramin yana laluben kusurwar da ya san na Ishaya suke, yana fitowa da ɗaya ɗaya yana tari.

"Ni dai ban taɓa ba, ka san ba na taɓawa," in ji Malam Garba. "Amma na riƙe masa jirgin. Wallahi Bitrus, da na hana shi, a wurin zai mutu mini."

To kun san abin da kowa ke yi a ƙasar nan da kayan da aka tsamo daga ruwa. Shanya. Katifa, shinkafa, takardun makaranta, tufafi, duk kan kwano suke hawa. Mutumin da ya yi shekara talatin a bakin kogin nan hannunsa ma ya san haka, ba sai ya yi tunani ba. Malam Yohanna ya sa tsani ya hau rufin gidansa, ya jera kwalaben a kan kwano tsakanin katifa da littattafansa, su bushe. Ruwan sama ya ɗauke, rana ta fito irin ta ƙarshen damina, wadda kwano ke ƙona tafin hannu. A can kwalaben suka zauna har ruwa ya janye daga cikin gidan.

Da hanya ta buɗe na dawo, kafin in shiga gidana Malam Yohanna ya aiko a kira ni. Na tarar ya sauko da su, ya goge su tas, ya jera a kan tebur, yana murmushi kamar wanda ya ci jarrabawa. "Ko ɗaya ba ta fashe ba," ya ce. Na duba. Kakin ya narke ya gangaro a wuyansu. Toshiya ta ɗago a kusan duka, ga sawun jan ruwa da ya tsattsafo ya bushe. Ba sai na buɗe ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa da wa zan yi fushi. Na ce masa Kirsimeti ta kusa, mu bari sai ranar. Na kwashe su na mayar rami, bayan na kwashe laka na zuba sabon yashi. Na Fada da na likita da suka kwana cikin ruwa duk tsawon lokacin, na buɗe guda guda na duba, ba abin da ya same su.

Ranar Kirsimeti na zaɓi wadda toshiyarta ta fi zama daidai, ko Allah zai sa. Cocin ma ranar ba ta cika ba, mutane da yawa ba su dawo ba, unguwa tana warin laka. Malam ya zauna a inda ya saba da hularsa da kwat. Maman Ishaya tana bakin ƙofar kicin. Na murɗa mabuɗi, toshiyar ta marmashe a hannuna. Na zuba, na karkata a kan farin ƙyalle. Ruwan ƙasa-ƙasa ne kamar shayin da ya kwana. Na shaƙa, na ji dafaffen dabino da tsami mai hawa hanci. Na kurɓa duk da haka, don haka aikin yake. Babu nauyi, babu bauri, babu komai a bayansa. Na riƙe shi a baki fiye da yadda ya kamata, domin na san da zarar na tofar zai tambaya. Na nemi wata kalma a duk abin da Baba Gyang ya koya mini, ban samu ba.

"Yana da rai?"

Na goge baki. Na ce, "Ya mutu, Malam."

Ya dubi kofin, ya dubi kwalbar. Can ya ce a buɗe wata. Na ce duka ɗaya ne, amma in yana so zan je in ɗauko. Ya girgiza kai.

"Ruwan ne ya shige su?"

"A'a."

"Na Fada fa, da na likita? Su da na bari a ciki?"

"Suna nan lafiya."

"Duk kwanakin nan a ƙarƙashin ruwa, ba abin da ya same su?"

Na ce, "Ruwa ba ya kashe shi, Malam. Rana ce."

Na sunkuyar da kai ina jiran ya gane cewa hannunsa ne ya hau da su kan kwano, ina tsoron abin da zai biyo baya. Da na ɗago sai na ga fuskarsa ta washe. Ya juya wajen ƙofar kicin.

"Maman Ishaya, kin ji? Kin ji abin da ya ce? Ya ce ruwa ba ya kashewa."

Ta sauke hannunta. Ta tako ta shigo, ta ja kujera ta zauna kusa da shi, ta ɗora tafinta a kan hannunsa.

"Kwalba yake nufi, Baban Ishaya," ta ce a hankali. "Ita an toshe mata baki da kaki. Yaronmu numfashi yake yi." Hawaye suna zuba, ba ta share ba. "Tashi ka je ka ga Fada tun bai fita ba. Ka ce ya sa mana ranar addu'ar."

Ya dube ta. Sannan ya dafa tebur ya miƙe, ya shiga laluben kan tebur da bayan kujera yana neman hularsa. Tana kansa. Daga ni har ita ba wanda ya iya gaya masa, har ya fita.